Kwana Nawa Ne Daga Gwanju Zuwa Belbeji

Litinin, 5 ga Mayu, ƙarfe 5 na marece

Majo Barmo ya zo ya duba Inna. Ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, sannan ya kira ni zaure. Shi ne babban ma'aikacin asibitinmu na Belbeji, shekara shida yana shigowa gidan nan tun da ɓarin jikinta ya shanye, bai taɓa kirana zaure ba sai yau. Ya ce, "Malama Sakina, in akwai na nesa, a kira shi." Na ce kwana nawa ya rage. Ya ce Allah ne masani, amma a ganinsa sati biyu, in ta yi ƙarfin hali uku.

Na nesa ɗaya ne, kowa ya san shi. Abdulmajid, ƙanena, autan Inna, ɗan lele. Ya tafi karatu ƙasar Sin shekara tara da suka wuce, ya zama tafintan 'yan kasuwa a Gwanju. Sau ɗaya ya zo gida, ya yi kwana goma sha ɗaya, ya ce zafi ya dame shi.

Na ɗauki waya don in kira shi, sai na tsinci kaina ina duba nisa. Halin malamar lissafi ke nan. Daga filin jirgin Gwanju zuwa na Yamai, a miƙe, kilomita dubu goma sha ɗaya da kamar ɗari biyar. Babu jirgin da ke miƙewa, sai an sauka Habasha. Awa goma sha ɗaya zuwa can, kusan shida daga can zuwa Yamai. Sai kar, babbar motar fasinja, ta yini guda zuwa Damagaram, sai motar Belbeji. Kwana uku. In ya bi ta Kano, biyu.

Kwana biyu, ya shigo da turare da jaka mai taya, ya durƙusa, ta shafa kansa, ya kwashe abin da na yi shekara shida ina wankin kashi ban samu ba.

Na ajiye wayar. Na ce gobe.

Talata, 6 ga Mayu, bayan azahar

Gwaggo Yagana, ƙanwar babanmu, ta ji abin da Majo ya ce, kunnenta ba ya tsufa. Ta shiga ta gaya wa Inna za a kira Auta. Da na kai kunu, Inna ta juyo da idonta mai hazo wajen ƙofa ta ce, "Ke, an same shi?"

Ke. Sunana ke nan a bakinta, shekara arba'in da ɗaya. In da mutane, "waccan". Inna 'yar makiyayan Tenhiya ce, ni kuma 'yar fari, a wurinsu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa, ba a riƙe hannunsa. Kunya, wai. Kunyar ba ta hana ni juya ta sau shida a yini ba.

Na ce, "An same shi. Ya taso."

Ban shirya faɗa ba, wallahi. Ya fito ne kawai. Ta yi murmushi da rabin bakinta mai rai, ta shanye kunun duka, abin da ta yi sati ba ta yi ba.

Ni kaɗai ke da hanyar samunsa. Wayar can ba irin tamu ba ce, wata manhaja ce ya saka mini a tawa da ya zo. Gwaggo ko lambar kanta ba ta riƙe ba.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe 6 na safe

Ban kira ba.

Jumma'a, 9 ga Mayu, ƙarfe 4 na marece

Shi ne ma ya aiko da saƙon murya, irin na kowace Jumma'a, daƙiƙa ashirin cif. "Yaya, barka da Jumma'a, ya jikin Inna?" Ana jin motoci a bayansa, yana tauna wani abu.

Na ce da sauƙi. A garin nan ko an fara haƙa kabari, da sauƙi ake cewa. Ban yi abin da ba a yi ba.

Gwaggo ta tambaye ni ina ya kai. Ta ce ai alhazai yanzu yini guda suke yi zuwa Makka. Na ce, "Makka ai maƙwabta ce, Gwaggo. Sin tana bayanta da ƙasa goma sha biyu, kowace sai an sauka an buga hatimi a takarda." Ta riƙe baki. Ta ce kakanta ya yi shekara uku a hanyar Makka da ƙafa, to wannan ma an gode Allah. Na ce yanzu yana Indiya.

Inna ta ce, "Akwai ruwa a hanyar?"

Na ce akwai rijiya a kowane zango. Ta ce madalla.

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Ta sa a riƙa dama masa fura kullum da nonon raƙumi, a rufe a ajiye a inuwa, ko da zai iso ba zato. Ta sa Gwaggo ta sayo cuku, mai laushi, wai haƙoransa ba su son mai tauri. Ƙato mai shekara talatin da biyu.

Da magariba furar ta fara tsami. Na shanye. Ta yi daɗi.

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe 1 na rana

Na ba 'yan aji huɗu wannan a allo: jirgi yana gudun kilomita ɗari takwas a awa, zai yi tafiyar dubu goma sha biyu, awa nawa zai yi? Duk ajin sun samu goma sha biyar, har na bayan aji masu barci. Yara 'yan shekara goma sha huɗu sun san abin da tsofaffin gidanmu ba su sani ba. Na ba kowa maki, na goge allon da kaina.

Yau Auta yana bisa teku.

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe 5 da rabi na marece

Ciwon ya tashi. Majo ya kawo allurar da ke kwantar da shi, amma tana sa barci mai nauyi. Inna ta tambaya, da ta ji haka ta janye hannunta mai motsi ta ɓoye cikin zane. Ta ce kada Auta ya iso ya tarar tana barci, ya yi sallama ba a amsa ba.

Majo ya lallashe ta. Gwaggo ta lallashe ta. Ni na tsaya riƙe da ƙwaryar ruwa.

Kalma uku za su sa ta karɓi allurar nan: bai taso ba. Na san su, na jera su a bakina. Na ce bari in ga ko za ta ce, ke, me kika gani? Ko sau ɗaya ta nemi shawarata. Ba ta ce ba. Majo ya mayar da allurar cikin jaka.

Alhamis, 15 ga Mayu, da safe

Ta ce a fitar da ita tsakar gida, ƙarƙashin dogon yaro, inda za ta ji jirgi in ya wuce. Na ɗauke ta. Ba ta kai rabin buhun gero ba yanzu. Ta riƙe wuyana don kada ta faɗi, da na sauke ta sai ta goge hannun a zane. Ƙila gumi ne. Na dai gani.

Jirgi ba ya bi ta kan Belbeji sai can ƙoli, ɗan farin zare, ba a jin ƙararsa. Amma in babur ya wuce sai ta ɗaga kai.

Jumma'a, 16 ga Mayu, ƙarfe 4 na marece

Daƙiƙa ashirin da biyu. Da sauƙi.

Na ce wa Inna ya sauka kusa da Makka. Ta yi kuka, ta ce ta san zai tsaya ya yi mata addu'a, yaron nan tun yana goye yake da tausayi. Ni da na baro ɗakina a Tanut saboda ita, har wanda na bari ya gaji da jira ya aiko da takarda, ni ba ni da tausayi, ina da aiki ne kawai. Maganar Tanut ba zan rubuta ta a nan ba.

Na tsane shi. Na rubuta don in gani da idona. Bai yi mini komai ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ko sanin ana yaƙi da shi bai yi ba.

Lahadi, 18 ga Mayu, tsakar rana

Zafi. Inna tana nishi tun asuba, irin nishin tunkiya mai naƙuda, ba ya tsayawa. Bayanta ya ɗaye wuri biyu. Na wanke, na shafa magani, na juya ta. Ta cije zane. Da na gama ta ce, "Ke, ina ya kai?"

Habasha. Ana duba takardu.

Ta ce Allah ya sassauta zukatan masu hatimi. Gwaggo ta ce amin har sau uku, tana share hawaye.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe 2

Har yanzu Habasha. Na gaji da motsa shi.

Talata, 20 ga Mayu, bayan la'asar

Abdulmajid ya nemi a haɗa shi da Inna ta hoto, wai ya yi mafarki da ita. Mafarki. Na ce babu rezo, layin ba ƙarfi, wayar ba ta ɗaukar hoto a kwanakin nan, kuma tana barci. Ya ce to a shafa masa kanta.

Na shiga na tsaya a kanta. Ba barci take ba, sati guda ke nan ba ta yi na kirki ba, idon a buɗe yake yana kallon ƙofa. Ban shafa ba. Ba a saba ba, za ta firgita.

Laraba, 21 ga Mayu, ƙarfe 11 na safe

Majo ya sake kirana zaure. Wannan karon bai zauna ba. Ya ce, "Malama, ni ba tsohuwa ba ce. Ƙanen matata yana zuwa Sin sayo kaya, ranar Asabar ya tashi, ranar Litinin yana cin tuwo a Damagaram. Ina yaron nan yake?"

Na ce matsalar takardu ce.

Ya ƙura mini ido. Ya ce, "Baiwar Allah nan ta ƙi allura kwana takwas. Kin san abin da take sha? Ba ni lambarsa, in sa a neme shi ta wajen 'yan kasuwa."

Na ce babu buƙata, yau zan sake kiransa. Na tambaye shi kwana nawa yanzu. Ya ce huɗu, biyar, shi bai ma san abin da ke riƙe da ita ba. Ni na sani.

Laraba, ƙarfe 1 na rana

Na kira. Can ƙarfe takwas na dare, sun riga mu da awa bakwai, kullum su ne a gaba. Na ce jikin Inna ya rikice jiya, Majo ya ce ya zo. Ya fashe da kuka kamar an mare shi. "Jiya jiya, Yaya? Ai ranar Jumma'a kin ce da sauƙi." Na ce haka ciwon tsofaffi yake.

Ya ce zai nemi biye, tikitin jirgi, yanzu. Ya ce ta Kano ta fi kusa, ko ba haka ba? Ya daɗe bai zo ba, bai san halin iyaka ba, in gaya masa.

Allah ya gani, na san amsar. Na lissafa. Ta Kano, ya kwana Damagaram ranar da ya sauka. Ta Yamai, sai ya kwana can, ya yini cikin kar, ya sake kwana.

Na ce iyaka ba ta da tabbas, ana tsare mutane, ya bi ta Yamai ya fi kwanciyar hankali.

Ya ce, "Allah ya bar mini ke, Yaya."

Alhamis, 22 ga Mayu, da marece

Ya samu wuri a jirgin gobe. Na gaya wa Inna ya baro Habasha. Yau ce rana ta farko da ƙaryata ta kusa zama gaskiya, sai na ji ba ta da daɗin faɗa.

Ba ta iya haɗiye kunu. Ina ɗiga mata ruwa da auduga. Furar dai an dama.

Jumma'a, 23 ga Mayu, ƙarfe 5 da rabi na marece

Ya aiko da hoton fukafukin jirgi. Wayarsa za ta mutu awa goma sha ɗaya. Na zauna a bakin ƙofar Inna ina duba agogo. Kowace awa kilomita ɗari bakwai da wani abu. Tana numfashi sau talatin a minti, na ƙirga. Biyu suna tsere, ni ce na ba ɗaya rata.

Asabar, 24 ga Mayu, ƙarfe 3 na rana

Ya sauka Yamai. Babu jirgin Damagaram yau ko gobe, kar kuma sai asuba. Ya ce a filin jirgin Habasha ya zauna kusa da wani Bakano, suka rabu a ƙofa, mutumin ya ce masa iyaka lafiya lau take, shi kullum yana wucewa Damagaram. Ya faɗa ne yana dariyar takaici, wai ga shi labari ya canza ban ji ba. Na ce mu a ƙauye muke, labari yana makara.

Da ta Kano ya bi, da yanzu yana mota. Da gobe kafin azahar yana ɗakin nan.

Tana nan.

Lahadi, 25 ga Mayu, ƙarfe 2 da rabi

Zan rubuta wannan yadda ya faru, sau ɗaya.

Gwaggo ta tafi alwala. Na shigo da takalmi, na manta ban cire ba, irin mai ƙara na zuwa lakwal, wurin koyarwa. Inna ba ta gani tun jiya. Ta ji taku, sai ta miƙo hannu ta ce, "Auta? Ka iso?"

Na tsaya. Hannun yana ta lalube a iska. Na durƙusa na ba ta nawa.

Ta damƙe. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinta ba. Ta ja shi ta ɗora a kumatunta, ta sumbaci tafin, ta ce na rame, hanya ta ci ni. Ta tambaya an ba ni fura. Na ce "mm" da maƙogwaro. Ta saki hannun ta nemo kaina, ta bi ta kan ɗankwali ba ta ce komai ba, ta shafa, ta shafa, tana yin wata waƙar Fillanci da ban taɓa jin ta yi ba. Ta ce Allah ya yi mini albarka, ya tsare gabana da bayana, ta yafe mini duniya da lahira. Ta ce na daɗe, amma ta san zan zo.

Na jira ta ce wani abu game da waccan. Ko tsinuwa ce. Ba ta ce ba.

Na kifa kaina a ƙirjinta. Ina jin ƙasusuwan. Kusan awa guda muna haka, Gwaggo ta leƙo ta ga bayana, ta ɗauka gyara ta nake, ta koma.

Sannan ta ce, "To a kira Majo ya yi allurar. Na gaji."

Hannun nan shi ya juya ta shekara shida. Ban san yadda za a yi ta kasa gane shi ba. Ba zan yi tunanin wannan ba.

Lahadi, ƙarfe 4 da minti goma

Inna ta rasu. Majo bai kai ga buɗe jakarsa ba.

Lahadi, bayan magariba

Ni da Gwaggo muka yi mata wanka. An kai ta kafin rana ta faɗi, a zafin nan ba a jiran kowa, ko da ɗan sarki ne. Wani daga cikin maza ya ce ɗanta fa yana hanya, liman ya ce matafiyi ya tarar da addu'a.

Wayata ta yi ƙara ana tsakiyar ɗinkin likkafani. Gwaggo ta riƙe hannuna ta ce, "Kul. Ba a gaya wa mai tafiya. Ki ce da sauƙi, kada ya faɗi a hanya." Matan duk suka ce haka ne.

Na ɗauka. Ya wuce Maraɗi, muryarsa ta dishe. Ya ce ya sayo mata bargo mai laushi da man zafi. Ya ce, "Ya jikin?"

Na ce da sauƙi. Yau da izinin gari duka na faɗa.

Litinin, 26 ga Mayu, ƙarfe 3 na rana

Ya iso da azahar. Na ji tayar jakar tana ja a cikin yashi, sannan ta tsaya. Ya ga tabarmi a ƙofar gida da maza a zaune. Babu wanda ya buƙaci ya gaya masa.

Ya shigo ya zube a gaban ɗakinta. Ya yi ƙiba, ya yi fari. Mata suka taru a kansa. Da ya samu numfashi sai ya rarrafo wurina, a gaban kowa, ya riƙe ƙafata. Ya ce ni ce na yi jinya, ni ce na kira shi da wuri, laifinsa ne da bai samu jirgin Alhamis ba. In yafe masa. Na ce ya tashi, ba a yi wa mamaci haka.

Gwaggo ta kawo masa ruwa, tana kuka tana yi masa faɗa irin na ƙauna. Ta ce, "Kai ma ɗan nan, wace irin hanya ce wannan? Kwana ashirin. Kullum a dama maka fura a zubar. Ta ƙi allura, ta ƙi barci, wai kada ka tarar da ita kwance. Mu ce Indiya, mu ce Makka, Habashan nan kaɗai kwana biyar suka riƙe ka, Allah ya isa tsakaninmu da masu hatimi."

Ƙoƙon yana bakinsa. Bai sha ba.

Matan suna ta cewa hanya ce mai nisa, an gode Allah da ya iso lafiya. Ya ɗago ya dube ni ta saman ƙoƙon. Na gyara ɗankwalina.

Ya ce, "Hanya ce mai nisa, Gwaggo."

Talata, 27 ga Mayu, da hantsi

Bai ci komai ba. Ya je kabari da safe, daga can na ga ya bi hanyar asibiti. Ya daɗe wurin Majo.

Laraba, 28 ga Mayu, ƙarfe 5 na marece

An yi sadakar uku, an watse. Ina wanke tukwane a bayan ɗaki ya zo ya tsaya. Bai ce Yaya ba.

Ya ce, "Wace rana kika ce mata na taso?"

Na ce Talata, shida ga wata, bayan azahar.

"Wace rana kika kira ni?"

Laraba, ashirin da ɗaya, ƙarfe ɗaya.

Ya tsaya yana lanƙwasa yatsu. Tun yana ƙarami lissafi ke ba shi wuya, ni nake yi masa na gida, amma wannan ya same shi daidai. Ya ce goma sha biyar. Na ce haka ne. Ya ce da Kano. Na ce da Kano, goma sha shida.

Na ɗauka zai mare ni, na ma ajiye tukunyar don hannuna ya zama babu komai. Da ya yi, da na ji sanyi. Sai ya tsuguna a cikin ruwan wanke-wanke, da farin wandonsa, ya ce ba zai tambaye ni dalili ba, ba zai gaya wa kowa ba, gobe zai koma, ba zan sake ganinsa ba. Abu ɗaya yake roƙo, don Allah, don Annabi, don nonon da muka sha. Ni ce a ɗakin a ƙarshe.

Ya ce, "Ta tafi tana ganin na yi kwana ashirin ina wasa a hanya? Ta tafi tana jirana?"

Na dube shi. Leɓensa na ƙasa yana rawa, irin na Inna sak. Amsar tana bakina, ita ma gajera ce. Ta tafi ta ɗauka ka iso, ta sa maka albarka, ta yafe maka. Da ita zai iya yin barci har ƙarshen ransa.

Amma kaina aka shafa. Tafin hannuna aka sumbata. Awa guda ce tak a shekara arba'in da ɗaya, in na faɗa ta zama tasa.

Na ce, "Eh. Tana jira ta tafi. Idonta a ƙofa."

Ya kifa fuskarsa a gwiwa. Na ɗauki tukunyar na ci gaba da kankare ƙanzo.